Ɗan Zomon da Muka Kashe da Alheri



Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan an idar da La'asar, wani yaro cikin 'yan Islamiyyarmu ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da kwalin taliya, ya ƙi bin 'yan'uwansa gida. Shekarunsa ba za su wuce tara ba. Da muka buɗe kwalin sai ga ɗan zomo fari a ciki, ya riga ya sandare, cikinsa ya kumbura tim, ƙasan jelarsa duk ya ɓaci da zawo. Yaron bai yi kuka ba. Tambaya ɗaya kawai ya yi: "Malam, ni ne na kashe shi?"

Mu manyan da ke wurin muka yi abin da muka saba. Wani ya ce, "Haba ɗana, kwanansa ne ya ƙare." Wani ya ce, "Ai zomo haka yake, ba ya da juriya." Wani kuma ya laluba aljihu ya ce a sayo masa wani. Muka shafa kansa, muka sallame shi.

Amma da muka zauna jiran Magariba sai maganar ta ƙi mutuwa. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya yi kiwon zomaye shekara da shekaru a gida kafin fatauci ya kawo shi Legas, shi ne ya tsayar da yaron ya tambaye shi abin da yake ba zomon. Ga lissafin da ya samu: da safe burodi jiƙe da shayi mai madara. Da rana biskit, ko ragowar shinkafa. Da yamma kuma mahaifin yaron, wanda ke sayar da kayan gwari a Mile 12, yakan taho da leda cike da ganyen kabeji da karas ɗin da ya fara laushi, a zube wa zomon ya ci iya cinsa. Ruwa kuwa ba a ba shi, don an ce zomo ba ya shan ruwa. An saye shi a bakin titi yana ɗan mitsitsi, tafin hannu ɗaya ya ɗauke shi. Kwana biyar ya yi a gidan.

Wato babu abin da yaron nan yake so wanda bai raba da zomonsa ba. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai da alheri aka kashe shi."

Tun ranar muke juya wannan magana. Idan mutum ya cutar da abin da ke hannunsa alhali alheri ya nufa, ya fita ke nan? Kyakkyawar niyya ta isa ta sauke amana? Kafin mu amsa, sai mun fara sanin abin da ya faru a cikin cikin ɗan zomon, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba.

Yadda aka tsara cikin zomo

Zomon gida da muke saye a kasuwa daban yake da zomon dajin da muka sani a tatsuniya da farauta. Zomon daji ana haihuwarsa da gashi, idonsa a buɗe, ba ya daɗewa ya fara tsalle. Zomon gida kuwa asalin kakanninsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, shi ma baƙo ne a nan kamar mu. Uwarsa takan ɗauki ciki kamar kwana 31, ta haife shi tsirara, makaho, sai wajen kwana 10 idonsa ke buɗewa. Uwar kan shayar da 'ya'yanta sau ɗaya ne a yini, wani lokaci sau biyu, kuma na 'yan mintoci kaɗan, galibi cikin dare ko da asuba. Shi ya sa wasu ke zaton ta yar da su, su kwashe su su fara ɗura musu madarar gwangwani. Alhali nonon zomo mai kauri ne ƙwarai, maiƙonsa da sinadarinsa na gina jiki sun ninka na nonon saniya kusan sau uku. Shan minti uku na nonon uwa ya fi musu kwalba guda ta madarar shayi, wadda ba abin da take jawo musu sai gudawa.

Wajen mako uku suke fara ɗan tsakurar abin da uwarsu ke ci. Daga nan ne babban aiki ke farawa a cikinsu. A mahaɗar ƙaramin hanji da babban hanji, zomo yana da wata jaka babba, wadda ta fi tumbinsa girma. A cikinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, bila adadin, su ne ke tsima ciyawa su fitar da amfanin da ke cikinta, kamar yadda ake tsima gero kafin a yi koko. Ɗan zomo ba a haife shi da waɗannan halittu ba. A hankali yake samunsu, daga jikin uwarsa da kashinta da abincin da yake tsakura kusa da ita, cikin makonni. A lokaci guda tumbinsa, wanda yake da sanyin tsami sa'ad da yake shan nono, yana ƙara tsami har ya kai ƙarfin da zai kashe miyagun ƙwayoyin cuta. Tsakanin barin nono da kammaluwar wannan shiri akwai 'yan makonni da ɗan zomo yake kamar gidan da aka cire tsohuwar ƙofa ba a kai ga sa sabuwa ba. Daga mako 4 zuwa wajen mako 10, nan ne masu kiwo suka fi yin asara, kuma mafi yawa ta hanyar ciki.

To, me ke faruwa in aka cika wannan jaka da burodi da biskit da shinkafa? Sitaci da sukari abinci ne ga miyagun ƙwayoyin cuta. Su kan yi yawa cikin sa'o'i, su rinjayi masu amfani, su fitar da iska da dafi. Mu in mun ci abin da bai karɓe mu ba mukan amayar, mu huta. Zomo ba ya iya amai ko kaɗan, haka aka halicce shi. Duk abin da ya shiga sai ya bi hanya har ƙarshe. Kuma abin da ke tura hanjinsa ya yi ta motsi shi ne kaushin busasshiyar ciyawa. In babu ita, hanji ya tsaya, iska ta taru, ciki ya kumbura, zafin ciwo ya hana shi ci, rashin ci ya ƙara tsayar da hanji. Ganyen kabeji da karas ba guba ba ne, babban zomo yana cin su daidai gwargwado. Amma a zube leda guda a gaban jaririn da cikinsa bai taɓa ganin ɗanyen ganye ba, wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Akwai wani abu kuma da zai ba wasunmu ƙyama, amma hikima ce. Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busassun ƙwallayen da muke sharewa, akwai kuma wani mai laushi, a cure kamar 'ya'yan inabi, wanda yake fitowa daga waccan jaka, zomon ya sunkuya ya cinye shi tun bai faɗi ƙasa ba. A ciki yake samun bitamin da abin gina jikin da ƙananan halittun nan suka haɗa masa. In muka ga wannan mai laushin yana zube a keji ko yana manne a gashinsa, alama ce abincin ya yi masa maiƙo da zaƙi da yawa, kaushi ya yi kaɗan. Haƙoransa ma ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaban sukan ƙaru kamar milimita 2 a mako. Taunar ciyawa ce ke goge su. Zomon burodi haƙoransa kan yi tsawo su karkace, har cin abincin ya gagare shi.

Duk wanda ya tuna makonsa na farko a Kurmi ba zai yi mamakin wannan ba. Cikin da ya saba da tuwon dawa da miyar kuka da fura, rana ɗaya aka haɗa shi da teba da manja da barkono. Da yawanmu mun sha zaryar bayan gida kafin ciki ya amince. Mu manya ne, muna da bakin faɗin inda ke mana ciwo, muna da kuɗin kemis. Shi ɗan zomo nauyinsa bai kai rabin kilo ba, gudawar yini ɗaya ta isa ta tsotse ruwan jikinsa.

Ajali gaskiya ne, amma ba mafaka ba ce

Da muka ce wa yaron kwanan zomonsa ne ya ƙare, ba ƙarya muka yi ba. Babu mai rai da zai wuce lokacinsa. Sai dai mu 'yan kasuwa ne, mun san inda muke ajiye wannan magana da inda ba ma karɓarta. In direba ya ɗauko mana tumatir daga Kano ya tsaya kwana biyu a hanya yana sha'aninsa, kaya suka ruɓe, ya zo ya ce ƙaddara ce, za mu ce masa e, ƙaddara ce, amma zo mu zauna gaban shugaban kasuwa. Ba ma ganin imani da ƙaddara ya hana a tambayi sababi in dukiyarmu ce ta salwanta. Me ya sa sai in rai ne marar baki muke saurin rufe maganar da ajali? Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ɗaure raƙumin a nan shi ne sanin abin da dabbar ke ci.

Haka nan maganar niyya. Mun haddace tun muna yara cewa ana auna ayyuka da niyya, kuma gaskiya ne. Amma niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take aiki, ita ke sa a ba shi lada ko a yafe masa kuskure. Ba ta canza abin da burodi ke yi a cikin hanji. Wanda ya ba mara lafiya maganin da ba nasa ba don tausayi, tausayin nasa ba zai hana maganin aiki ba. Shi ya sa malamai suka ce ilimi ake gabatarwa kafin aiki, kuma bai halatta mutum ya shiga wani al'amari ba sai ya san hukuncinsa, in bai sani ba ya tambayi masu sani. Mun taƙaita wannan ƙa'ida ga alwala da salla da ciniki. Ajiye mai rai a keji shi ma al'amari ne.

Domin mu duba abin da keji yake nufi. Zomon da ke sake yana zaɓar abin da zai ci, ya tsakuri wannan ya bar wancan. Ranar da muka rufe shi, mun karɓe wannan zaɓi daga hannunsa mun mayar hannunmu. Ba shi da gona sai tafin hannunmu, ba shi da rafi sai kwanon da muka ajiye. Hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, a kan wannan gaɓa yake: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Laifin ya taru ne daga tsarewa da rashin cika abin da tsarewar ta ɗora mata. A fiƙihunmu na Malikiyya ma, Mukhtasar na Shehu Halil ya bayyana cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita, kuma ba a tatsar nononta har ya cutar da ɗanta. To, ciyarwar da ta zama wajibi, wace ce? Cika kwano da abin da muke so, ko ba dabba abin da zai rayar da ita? Wanda ya ajiye wa doki nama ya ce ya ciyar da shi, kowa zai yi masa dariya. Burodi a gaban ɗan zomo bai fi haka ba, sai dai shi zomon zai ci, kuma cin nasa ne ke ruɗinmu. Ba duk abin da mai rai ya karɓa da murna ne alheri gare shi ba.

Haƙƙin yana wuyan wa?

Yaron dai ba mukallafi ba ne, ba a rubuta masa zunubi. Ya yi iyakar abin da ya sani, har ya hana kansa biskit. In akwai wanda ya fita a wannan labari, shi ne.

Uban fa? Ya saya don ya faranta wa ɗansa, ya riƙa ɗauko ganye daga kasuwa a gajiye. Ba mugu ba ne, kamar kowannenmu yake. Amma wannan uban, da ragon Layya ya saya, da ya tambayi mai shi: me yake ci, dusa ko ƙowa, an saba masa da harawa? In waya ce, sai ya tambayi irin cajar da ta dace da ita don kada batir ya lalace. Zomo ne kawai aka ɗauko ba tambaya, saboda kuɗinsa kaɗan ne. A nan ne ya kamata mu ji kunya: sau da yawa farashin abu ne ke yanke mana yawan kulawar da za mu ba shi. Alƙur'ani a Suratul An'am, aya ta 38, ya sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar mu. Ba a ce masu tsadar cikinsu kaɗai ba.

Sai mai sayarwa, kuma nan maganar ta fi shafarmu, tunda ciniki ne sana'armu. Me ya sa ake kawo 'ya'yan zomo kasuwa suna mako uku ko huɗu? Don a lokacin suka fi kyan gani, yaro na gani zai maƙale wa ubansa. Don kuma in an raba su da uwa da wuri, za ta sake ɗaukar ciki da wuri, an kuma huta da ciyar da su. Mai kiwon da ya san aikinsa ya san da yawa cikin irin waɗannan ba za su yi mako biyu a gidan mai saye ba. In ya sani ya yi shiru, me ya raba shi da wanda ya jera manyan tumatir a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa? Mun san abin da Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi da ya sa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, da kakkausan gargaɗin da ya yi a kan algus. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, ya umarce su su mayar mata. Mai sayar da jaririn zomo ya haɗa biyun: ya raba uwa da ɗa kafin lokaci, ya kuma sayar da aibin da ido ba ya gani.

Abin da wasunmu za su ce

Mun san akwai mai karanta wannan yana tsaki. Zai ce, "Jama'a na fama da kuɗin haya da kuɗin makaranta, buhun shinkafa ya gagari talaka, ku kuna cika takardar Juma'a da cikin zomo?" Maganarsa tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Haƙƙin ɗan Adam yana gaba, babu jayayya. Amma abin da zomo ke buƙata ya fi abin da muke kashe shi da shi araha. Dami ɗaya na harawa bai kai kuɗin burodi da madara da biskit na mako ba. Ba kuɗi aka rasa a gidan yaron nan ba, tambaya aka rasa. Kuma babu wanda aka tilasta wa ajiye zomo. Wanda ba shi da hali ko lokaci ya bar shi, babu laifi a kansa. Wanda ya ɗauka ne ya ɗauki nauyi.

Wani zai ce, "To ai yanka shi za a yi a ƙarshe." Haka ne, naman zomo halal ne, ya tabbata a hadisin Anas cewa an kai wa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, cinyar zomo ya karɓa. Amma addinin da ya halatta yanka shi ne ya ce a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. In an hana mu wahalar da dabba na 'yan daƙiƙu a ƙarshen ranta, ta yaya za a yarda mu bar ta kwana biyu tana murƙususu da kumburin ciki? Yanka da sunan Allah yana ciyar da iyali. Mutuwa a kwali ba ta amfani kowa, mushe ne za a jefar a bola.

Akwai kuma mai cewa rashin sani uzuri ne. Uzuri ne a karo na farko. Amma a gidaje nawa aka sayi zomo na biyu da na uku, duk suka bi hanya ɗaya, aka ce "ba ma da hannun kiwo"? In mai sani yana zaune a sahu ɗaya da mu, kamar dattijon nan namu, kuma ba mu tambaye shi ba, rashin sanin ya zama zaɓi. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda aka miƙa wa fitila ya ƙi karɓa ba zai zargi dare ba.

Ga wanda zai ajiye zomo

Tunda mun ɗora wa kanmu wajibcin sani, ga abin da ya kamata kowane gida ya riƙe.

Kada a sayi ɗan zomon da bai kai mako 8 ba. A tambayi mai shi abin da yake ba shi, a karɓo kaɗan daga irin abincin, a ci gaba da shi a kwanakin farko. Sauyin gida kaɗai ya ishe shi firgita, kada a haɗa masa da sauyin abinci.

Tushen abincinsa busasshiyar ciyawa ce, kullum a ajiye masa tari kamar girman jikinsa, kada ta yanke dare da rana. A nan Allah Ya sauƙaƙa mana, domin harawar gyaɗa da ta wake da 'yan'uwanmu ke saukewa a kasuwannin raguna tana da kyau ga zomo mai tasowa. In ya girma sai a rinjayar da ingirici a kan harawa. Amma a shinshina kafin a ba shi. Damunar Legas ba ta barin komai, harawar da ta yi fumfuna ko warin danshi guba ce, a zubar. Dusa ko abincin zomo na buhu, ɗan kaɗan ya isa, kada su zama su ne abincin.

Ɗanyen ganye sai ya kai wajen wata uku, sai dai in an tabbatar ya saba ci tare da uwarsa. A fara da iri ɗaya, ganye ɗaya ko biyu, a duba kashinsa washegari. In yana nan ƙwallaye busassu, a ƙara kaɗan. In ya yi laushi, a dakata a koma ciyawa zalla. Duk sauyin abinci a ja shi mako ɗaya zuwa kwana goma. Ganyen dankali da ciyawar da aka yanko a bar su su sha iska a inuwa tukuna. A guji ciyawar bakin titi da ta gefen kwata da inda aka yi feshin kashe ciyawa, a guji ɗanyen ganyen rogo da ɓawonsa. Karas kamar alawa yake gare shi, ɗan yanki kawai, ba kullum ba. Burodi, biskit, madara, shayi, tuwo, shinkafa: ko ɗaya.

Zomo yana shan ruwa, kuma sosai. A ajiye masa mai tsafta a kwano mai nauyi da ba zai kifar ba, a sauya kullum. A share keji kullum, a ɗaga abinci daga ƙasa don kada ya haɗu da kashi, saboda akwai cutar hanji dangin wadda masu kaji ke kira kashin jini, ta kashi take yaɗuwa, kuma ƙanana ta fi kamawa. A ajiye kejin a inuwa mai iska, ba ƙarƙashin kwanon rufi mai zafi ko kusa da janareta ba. Zafi in ya haura digiri 30 yana galabaitar da shi, ya daina ci.

In zomo ya yi sa'a 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, ko ya takure a lungu yana cizon haƙora, ko ƙaramin ya fara zawo kamar ruwa, ba abin jira ba ne, a nemi likitan dabbobi a ranar. Sannan don Allah kada a fasa masa kafso a ruwa. Magunguna irin su ampicillin da amoxicillin, waɗanda muke sha mu warke, in zomo ya sha su ta baki suna kashe ƙananan halittun nan masu amfani na cikin jakarsa, su bar miyagun su yi yadda suka so. Wannan ma wata hanya ce ta kisa da alheri.

Abin da muke bin yaron nan

Ba za mu ja maganar da nisa ba, amma mai hankali ya san ba zomo kaɗai muke tsarewa a ƙarƙashin ikonmu ba. Akwai 'ya'yan da muke toshe wa baki da lemon kwalba da alawa don mun dawo kasuwa a gajiye. Akwai yaran da muke ɗaukowa daga gida tun ba su gama buƙatar uwa ba, mu ajiye su a shago mu ce taimako ne. Wataƙila taimakon ne. Sai dai tambayar ɗaya ce da ta zomo: mun tsaya mun binciki abin da suke buƙata, ko abin da ya sauƙaƙa mana muke bayarwa muna kiransa ƙauna?

Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, duk da nauyin al'umma da ke kansa, ya lura da fuskar yaron, ya tambayi abin da ya same shi, ya kira shi da alkunyarsa cikin raha ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce abin wasa ne ba. Mu kuwa da namu Abu Umair ɗin ya zo da kwalinsa, sai muka yi saurin sallamarsa da kuɗin sayen wani.

Ya yi mana tambaya ta gaskiya, ya cancanci amsa ta gaskiya daidai shekarunsa. Mun yanke shawara gobe bayan darasi za mu zaunar da shi mu ce: "Ɗana, ba ka da laifi wurin Allah, kuma tausayinka ba zai tafi a banza ba. Amma abincin ne ya yi masa illa, mu manya ne ya kamata mu sani mu gaya maka, ba mu yi ba." Dattijon namu ya yarda zai zauna da 'yan Islamiyya duka ya nuna musu yadda ake riƙe zomo ba ta kunne ba, da yadda ake gane harawa mai kyau. Iyayen da ke da zomo a gida su turo 'ya'yansu, su ma in sun samu sarari su zo. Sai bayan nan, in yaron yana so, a nemo masa wani wanda ya cika mako takwas, tare da daminsa na harawa.

Allah Ya yafe mana abin da muka cutar bisa rashin sani, Ya ba mu ikon riƙe amanar duk wani mai rai da Ya sa a hannunmu, babba da ƙarami. Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya shirya mana zuriya, Ya kai mu Juma'a mai zuwa lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.